Rawar Ba da Hannu

Ranar da sabon littafin dokoki ya iso, Koci ko takalmi bai cire ba ya zauna a bakin katifar atisaye ya hau karatu. Shafi ɗari biyu ne da 'yan kai. Yana karantawa yana gyaɗa kai, har ya iso shafi na arba'in da takwas, nan gyaɗa kan ta tsaya. Ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya mayar, ya sake karantawa, abin da ke rubuce bai canza ba.

Sai an san Koci kafin a gane girman abin da ya same shi. Malamin lissafi ne na shekara goma sha ɗaya kafin ya koma horar da 'yan wasan alkafura, kuma aji kawai ya bari, lissafin ya biyo shi har zauren atisaye. A wannan wasa maki iri biyu ake ba 'yar wasa idan ta gama. Akwai makin wahala, wanda tarawa ake yi: kowane tsalle da kowace alkafura da darajarsu, a zaɓi takwas mafiya nauyi a haɗa. Akwai kuma makin kyau, wanda ake farawa daga goma alƙalai su yi ta yanka, gwiwa ta lanƙwashe a yanka, ƙafa ta zame a yanka, abin da ya rage shi ne rabonki. Koci na farkon yake so, don shi ake iya lissafawa tun daga gida da biro. Na biyun kuwa, a cewarsa, ya danganta ne da yadda alƙali ya tashi daga barci.

To, shafi na arba'in da takwas kan na biyun yake magana. Ya ce daga yanzu za a yanke maki idan 'yar wasa ba ta shiga cikin kiɗanta ba, idan fuskarta ba ta ce wa 'yan kallo komai ba, idan ta tsaya a kusurwa tana haki kafin ta kwasa da gudu, idan rawar da ke tsakanin alkafura da alkafura ta zama ta cike gurbi kawai. In aka haɗa duka, ana iya zaftare wa yarinya fiye da maki ɗaya cur, a wasan da ɗigo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na maki, ke raba mai tafiya da mai komawa gida.

Koci ya ɗaga kai ya dubi dandamali. Auta ce a kai, 'yar yayarsa, shekararta ashirin da biyu, tara daga ciki a hannunsa ta yi su. In dai tashi sama ne, ba ta da ta biyu a ƙasar. Tana da wata alkafura da suka yi shekara biyu suna ginawa, juyi biyu a iska da murɗawa biyu, 'yan zauren suna kiranta Jirgi, don in Auta ta tashi da ita har fankar silin ake ji wa tsoro. Amma fuska fa? Fuska irin ta mai jiran layi a asibiti. Kiɗa na tashi, ita tana kai hannu sama tana dawo da shi ƙasa kamar mai shanya. Ba fushi take ba, kuma ba girman kai ba ne. Lissafin kawunta ne ya cika mata kai har babu inda za a ajiye murmushi.

Ga shi saura mako biyar a yi gasar zaɓe. 'Yan wasa biyar ƙasar za ta tura gasar duniya, an riga an cike gurbi huɗu, na biyar na wadda ta zo ta ɗaya ne a wasan dandamali. Sau biyu Auta na zuwa bakin wannan ƙofa ana rufe ta a idonta, kuma idon sawunta na hagu ya fara ba da sanarwa cewa ba zai jira karo na huɗu ba. Koci ya san haka, ita ma ta sani, ba dai wanda ya taɓa faɗa a fili.

Mutum irin Koci ba ya zama ya yi ta kuka da doka. Washegari ya zo da takarda mai layi-layi ya manna a bango kusa da akwatin alli. Ya raba sakan casa'in na wasan gida-gida, ya saka murmushi uku: ɗaya a sakan na goma sha biyu, ɗaya a na arba'in da bakwai, ɗaya a ƙarshe. Ya saka kallon alƙalai sau biyu, da ɗaga gira ɗaya, wanda ya rubuta a gefensa "in hali ya yi". Ya ce tunda komai da atisaye ake iya shi, murmushi ma atisaye ne. Talatin da safe, talatin da yamma, a gaban madubi, kowanne a riƙe shi sakan biyu.

Auta yarinya ce mai biyayya. Ta yi talatin da safe, ta yi talatin da yamma, har kumatunta suka yi tsami aka riƙa gasa mata su da tawul. Cikin mako ɗaya murmushin ya zauna daram. Sakan na goma sha biyu na cika, haƙora su bayyana reras, na goma sha huɗu na cika su koma, kamar an kunna fitila an kashe. Koci ya ji daɗi ƙwarai. Ya auna da agogo sau da yawa, murmushin bai taɓa yin latti ba.

Don ya ƙara tabbatarwa, sai ya gayyato wata tsohuwar alƙaliya da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Jan Biro, saboda shekara talatin tana yanke wa 'yan mata maki ba a taɓa ganin hannunta ya yi rawa ba. Ta zo da sandarta, aka ba ta kujerar roba, aka saka kiɗa. Da murmushin farko ya fito, tsohuwar ta ja baya a kujera. Da na biyu ya fito, ta dafe ƙirji. Da aka gama ta kira Auta kusa, ta tambaye ta a hankali ko haƙori ne ke damunta.

Koci ya nuna mata takardar bango da alfahari. Ta karanta har ƙasa, har "in hali ya yi", sai kafaɗunta suka fara motsi. Jan Biro, wadda ba a taɓa jin ta yi dariya a bakin aiki ba, ta yi dariya har sandarta ta faɗi, wata yarinya ta ɗauko ta miƙa mata, ta sake faɗuwa. Da ta samu numfashi ta ce:

"Malam, da ba ta yi ba, ɗigo uku zan yanka. Yanzu da ta yi, biyar zan yanka. Biyun na tsoron da ta ba ni ne."

Ta ƙara da cewa littafin ba haƙora yake nema ba, mutum yake nema. A nemo abin da yarinyar ke yi in ta san ba a kallonta, a kawo shi kan dandamali. Koci ya raka ta ƙofa yana godiya, a ransa yana cewa wannan wace irin shawara ce da ba za a iya sa mata lamba ba.

Da yammacin ranar ya biya gidan yayarsa da niyyar ya kai mata ƙarar duniya. Tun daga matakala yake jiyo dariya. Ya tura ƙofar falo. Yaya na kan kujera tana share hawaye da gefen mayafi. Mijinta Saje, ɗan sandan da ya shekara ashirin da shida yana ba da hannu a babbar mahaɗar kasuwa, yana zaune da kofin shayi yana ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi ɗauruwa. A tsakiyar falon kuwa, tsakanin tebur da talabijin, Auta ce ta sa hular babanta da fararen safar hannunsa, tana ba da hannu.

Ta tsai da wata tirela da ba a gani da tafin hannu ɗaya, ta karkata kai tana duban direban ta ƙarƙashin hula. Ta juya a kan dunduniya ta kira layin hagu da 'yan yatsu, zo, zo, zo, kafaɗa na taya hannu. Wani ɗan babur ya so ya kutsa, ta bi shi da ido, ta nuna shi da yatsa, ta girgiza kai irin na "ai na san gidanku". Ta duƙa har ƙasa ta tsallakar da wata tsohuwa, ta miƙe, ta daka tsalle gefe don wata mota ta kusa take mata ƙafa, ta bi motar da harara har ta ɓace ta bayan talabijin. Gira, ido, baki, wuya, ba wanda ke hutu. Koci ya tsaya riƙe da ƙofa, shafi na arba'in da takwas yana wucewa ta gabansa layi bayan layi, kuma babu layin da yarinyar nan ba ta cika ba.

Da ta hango shi, fuskar ta rufe ruf. Ta cire hula ta ce, "Kawu, sannu da zuwa."

Yaya ta ce ai tun tana 'yar shekara biyar take wannan shaƙiyancin, duk ran da babanta ya dawo da labarin hanya. Koci ya tambaya me ya sa ba wanda ya taɓa gaya masa. Yaya ta ce, shi da in ya shigo gidan ba ya tambayar komai sai awa nawa ta yi barci da kofin ruwa nawa ta sha, ta ina za a fara?

Washegari da hantsi masu wucewa ta mahaɗar kasuwa suka ga wani mutum mai tabarau a tsaye kan dakalin tsakiyar titi, da agogo a wuya da littafi a hannu, yana kallon Saje yana rubuta abin da ya gani. Direbobin bas suka ɗauka mai bincike ne aka turo daga hedikwata, kowa ya shiga taitayinsa, ranar ba wanda ya yi lodi a kan kwana. Koci ya ƙirga motsi goma sha tara daban-daban. Ya kuma ɗauki sautin wurin a waya, hon da usur da ƙarar birki, ya kai wa wani mai haɗa kiɗa a bayan tasha, ya ce a shimfiɗa masa ganga a ƙarƙashi, sakan casa'in, kada a ƙara ko ɗaya. Mai kiɗan ya saurara, ya dubi Koci, ya tambaye shi ko lafiya. Koci ya ce lafiya lau, a dai tabbata an ji birkin sosai a ƙarshe.

Da aka nemi Saje ya zo ya koya wa Auta ba da hannun, da farko ya ƙi. Ya ce shi aikin gwamnati yake yi, ba rawa ba, kuma ba zai yarda a mai da kakinsa abin wasa ba. Koci bai yi musu da shi ba. Ya dai ce masa, kamar maganar ba ta da nauyi, ai Auta ma ba ta iya ɗaga hannun tsai da mota daidai ba, amma ba komai, wa zai lura. Ranar hutunsa sai ga Saje a zauren da cikakken kaki. Ya cire takalma ya jera su a bakin ƙofa, ya hau dandamali da safa. Ba wanda ya gaya masa ƙasan na da sifirin mai cilla mutum sama. Taku na farko ya yi sama, na biyu ya nemi abin kamawa bai samu ba, na uku ya zauna. 'Yan matan zauren suka zube a katifa suna riƙe ciki. Ya miƙe, ya gyara hula, ya busa usur sau ɗaya, kowa ya nutsu.

Awa biyu yana koyarwa. Gwiwar hannu ba ta faɗuwa. Ido kan direba yake, ba kan mota ba. In za ki tsai da mutum, ki tsai da shi da dukkan jikinki, har ya ji ƙafarsa ta taka birki da kanta. Koci na gefe yana rubutu, karo na farko ke nan da mijin yayar tasa ya faɗi abin da ya ga ya cancanci shiga littafi.

Sai dai sakan casa'in sakan casa'in ne. Da suka jera rawar tare da layukan alkafura huɗu na Auta, abin ya kai sakan ɗari da bakwai. Suka rage nan, suka matse can, ya dawo casa'in da tara, ya ƙi motsi daga nan. Jirgi ce mai cin lokacin. Kafin Auta ta tashi da ita sai ta tsaya a kusurwa ta tara numfashi, bayan ta sauka kuma ba ta da sauran iskar da za ta tsai da ko keke. Kwana uku Koci yana juya lissafin ta kowace fuska. In an bar Jirgi, makin wahala biyar da ɗigo bakwai ne, amma rawa ta mutu. In an cire ta, ya sauko biyar da ɗigo biyu, rabin maki ya tafi ke nan tun ba a hau dandamali ba, abin da za a samu a madadinsa kuma yana hannun alƙalai.

Abin ya yi masa ciwo ba kaɗan ba. Shi ya riƙe igiyar da ake ɗaura mata a ƙugu tana koyon Jirgi, wata da watanni, har tafin hannunsa ya yi kanta. Ranar da ta fara sauka a kan ƙafafunta ba igiya, sai da ya shiga ofis ya rufe ƙofa don kada yara su ga idonsa. A rana ta huɗu ya kira ta gefe, ya kasa fara maganar, sai ya hau goge tabarau. Auta ce ta taimake shi.

"Kawu, a cire ta."

"Kin san abin da kike faɗa? Rabin maki ne."

"Na sani. Sau biyu ina zuwa da wahala, ina komawa gida da abata. Wannan karon ina so in je da abin da nake jin daɗinsa."

Ya ja layi a kan Jirgi da hannunsa, ya rufe littafin, ya fita ya zaga ginin sau biyu kafin ya dawo ya ce a saka kiɗa.

Ranar gasa zauren ya cika maƙil. Alƙalai suka jeru a dogon tebur da baƙaƙen kwat, kowa da takarda da robar ruwa. Yaya da Saje na layi na uku, Jan Biro na can gefe da sandarta. Wadda ake tsoro wata yarinya ce daga ƙungiyar jami'a, Doguwa ake ce mata, kuma ba a banza ake tsoronta ba. Ta zuba layukan alkafura huɗu masu nauyi, ta sauka da ɗan taku nan da can, ta ɗaga hannu. Allo ya nuna wahala biyar da ɗigo shida, kyau bakwai da ɗigo bakwai, jimla goma sha uku da ɗigo uku. 'Yan mata shida suka biyo baya, ba wadda ta kamo ta. Auta ce ta ƙarshe.

Koci ya tsaya a inda doka ta yarda koci ya tsaya, da littafi a buɗe da biro a hannu. Haka yake yi a kowace gasa, idonsa kan ƙafafun Auta, hannunsa na zana alamar kowane motsi, don in alƙalai suka yi kuskure a lissafi ya kama su nan take. Auta ta taka zuwa tsakiyar dandamali. Doka ta hana safar hannu, don haka Yaya ta ɗinka mata farin yadi a bakin hannayen rigar wasan, daga nesa ka rantse safar ce.

Usur ya tashi daga lasifika, hon ya biyo baya, har wasu 'yan kallo suka waiga ƙofa. Auta ta yi taku uku, ta juya, ta ɗaga tafin hannu ɗaya saitin teburin alƙalai. Shugabar alƙalan ta miƙa hannu ke nan za ta ɗauki ruwa, sai hannun ya tsaya a iska. Wani a layin baya ya fashe da dariya, dariyar ta bi zauren gaba ɗaya, don babu wanda ke wurin da irin wannan hannu bai taɓa tsayarwa a titi ba. Auta ta karkata kai, ta ba shugabar izinin wucewa da 'yan yatsu, ta kwasa da gudu ta zuba alkafurar farko, ta sauka cak, ba ta ko tsaya ba ta nuna mai ɗaukar hoto da yatsa tana girgiza kai. Mutumin ya sauke kyamara ya dafe ƙirji yana tambayar me ya yi.

Aka fara tafi tare da ganga. Ta duƙa ta tsallakar da tsohuwarta, ta yi tsalle ta kauce wa mota, ta sake tashi sama. A layi na uku Saje ya manta da kansa, ya miƙe tsaye yana ba da hannu tare da ita, Yaya na jan rigarsa yana fizgewa. Koci kuwa ya zana alamar farko, ya fara ta biyu, daga nan bai san abin da ya faru ba. Ya dai ji wani yana buga ƙafa yana kiran "Tsai da shi, tsai da shi," kuma da ya saurara da kyau muryarsa ce. Birki ya yi ƙara a lasifika, Auta ta ƙame da hannu ɗaya a sama, zauren ya ɗauka.

Ta sauko da gudu tana dariya, dariyar gaske, mai hawaye. Koci ya dubi littafinsa. Alama ɗaya ce a shafin, da wani dogon zane da ya bi ta gefen takardar ya fita.

Allo ya haska. Wahala biyar da ɗigo ɗaya. Koci bai ko karanta sauran ba, jini ya hau masa ka. Biyar da ɗigo biyu ya lissafa, ɗigo ɗaya ya ɓace. Doka ta ba koci minti ɗaya ya miƙa takardar ƙorafi, alƙalai su kalli bidiyo su sake lissafa makin wahala tun daga farko, ko ya hau, ko ya tsaya, ko ya sauka. Ya zaro takardar daga aljihu ya nufi teburin. Taku biyu ya yi ya ji ba ya ci gaba. Auta ce ta riƙe masa bayan riga, da hannun da ya shekara tara yana ɗaukar nauyin jikinta.

"Sake ni, sakan arba'in ya rage. Ɗigo ɗaya suka ci mana."

"Ba su ci ba, Kawu. Juyin nan na kan ƙafa ɗaya, dunduniyata ta sauka kafin ya cika. Baba na hango, dariya ta kama ni. Tsallen da ya biyo baya ma ban buɗe ƙafa sosai ba, shi sun bar min. In suka kalli bidiyo, shi ma cire shi za su yi."

Sai a lokacin idonsa ya kai ga sauran allon. Kyau takwas da ɗigo biyu, makin da Auta ba ta taɓa gani ba ko a mafarki. Jimla goma sha uku da ɗigo uku. Kunnen doki da Doguwa, kujera kuma ɗaya ce.

Akwai doka kan kunnen doki, ya san akwai, tana can ƙarshen littafin. Shi da kan karanto shafi da lambarsa ko daga barci aka tashe shi, yau ya laluba kansa bai samu komai a ciki ba sai hon da usur. Makin wahala ne ke raba gardama ko makin kyau? In na wahala ne, sun riga sun faɗi, takardar nan ce kaɗai ta rage musu. In kuwa Auta ta yi gaskiya, takardar ce za ta kayar da su. Tsoro ya kama shi sosai. Shugabar alƙalai na dubansa tana duban agogo. Ya sake duba littafinsa ko zai taimake shi, dogon zanen nan ne kawai.

"Kawu, ni na yi wasan. Na san abin da na yi."

Shekara tara bai taɓa ɗaukar maganarta a kan ta littafinsa ba. Ya koma benci, ya ajiye takardar ƙorafin, ya zauna a kanta, don bai yarda da hannunsa ba. Auta ta zauna kusa da shi, har yanzu tana riƙe da gefen rigar. Sakan goma sha biyar ɗin da suka rage sun fi masa shekara biyun Jirgi tsawo.

Shugabar alƙalai ta ajiye agogo. Allon ya ɗauke, ya dawo da jerin ƙarshe, Auta a sama, Doguwa a ƙarƙashinta. Mai sanarwa ya yi bayani cewa in an yi kunnen doki, wadda makin kyaunta ya fi ita ce ta yi nasara, amma ba wanda ya ji ƙarshen bayanin, don Saje ya zaro usur na gaske daga aljihu yana busawa ba ƙaƙƙautawa, masu gadi biyu sun nufo shi suna dariya. Doguwa ta zo ta rungume Auta, idonta ja, ta ce ta koya mata wannan hararar wata rana.

Koci bai tashi daga bencin ba. Auta ta dawo ta durƙusa a gabansa tana haki, yadda ta saba bayan kowane wasa, don ta ji inda ta yi kuskure.

"Kawu, ya ka ga sauka ta biyu? Na ji kamar na ɗan matsa."

"Ban gani ba."

"Ta ukun fa?"

"Auta, ko sau ɗaya ban ga ƙafarki ba yau. Ke nake kallo."

Ta dube shi, sai ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka. Shi kuma dariya ce ta ƙwace masa, hawaye na bin ta, tabarau ya yi hazo bai ko cire shi ya goge ba. A haka wata jami'a ta same su da takardar tafiya a hannu, ta ce tana taya su murna, a ba ta lambar fasfon 'yar wasa. Koci ya ce ai a ka take, ya karanto mata. Sau biyu yana karantowa ba daidai ba, sai da Yaya ta sauko ta buɗe jaka ta ciro fasfon.